Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna da Majalisar Dokokin Jihar Bauchi a kan giwayen Yankari

Mai girma Gwamna, mai girma Shugaban Majalisa da 'yan majalisa, iyayenmu sarakuna da hakiman Duguri, Pali da Gwana, yankunan da ke kewaye da dajin Yankari, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu wannan wasiƙa mutane ne da aikinmu ya shafi namun daji. Akwai likitocin dabbobi a cikinmu, akwai malaman gandun daji, akwai malaman gona. Giwayen Yankari ne suka sa muka ɗauki alƙalami, kuma maganarmu guda ce: rayuwar giwayen nan tana hannun mutum biyu, ma'aikacin da ke kwana a daji da manomin da gonarsa ke bakin iyaka. Ranar da ɗayansu ya gaji ya saduda, giwa ta ƙare a Bauchi, ko ɗakin baƙi nawa aka gina a Wikki, masaukin masu ziyara da ke cikin dajin.

An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ta mayar wa jiha a 2006, don haka yau amanarsa a wuyanku take. A wannan shekara ta 2006 an ƙirga giwayen daga jirgin sama, aka samu kusan 350. Yanzu ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150. A faɗin Najeriya kuwa, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ƙasa na kare giwa a 2024, an bayyana cewa cikin shekara talatin sun ragu daga wajen 1,500 zuwa tsakanin 300 da 400. Garken Yankari na cikin mafi girman abin da ya saura. Raƙumin dawa da kyarkeci sun taɓa zama a dajin nan, yau babu ko ɗaya.

Abin da ya sa asarar giwa ta fi ciwo shi ne jinkirin haihuwarta. Cikinta wata 22 ne, ɗa guda take haifa, sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake, kuma mace ba ta fara haihuwa sai ta haura shekara goma. Garke mai ƙoshin lafiya, wanda ba a taɓa shi, da wuya ya ƙaru da fiye da biyar ko shida cikin ɗari a shekara. Wato idan giwa ɗari ce a Yankari, kashe biyar a shekara ya isa ya cinye duk ƙaruwar shekarar. In mata ne aka kashe, ɓarnar ta fi haka, domin ɗan da bai kai shekara biyu ba ba kasafai yake rayuwa bayan uwarsa ba, kuma tsohuwar da ke jan garke ita ta san mashaya da hanya.

A faɗi gaskiya, an yi abin a yaba. Tun da jiha ta ƙulla yarjejeniya da WCS, ƙungiyar kare namun daji ta ƙasa da ƙasa, a 2014 aka gyara sintiri, kuma daga 2015 an kwashe shekaru ba a tsinci gawar giwar da aka harbe don haure ba. Wannan ya nuna abin yana yiwuwa. Sai dai kaso mai yawa na kuɗin wannan aiki daga masu ba da tallafi na ƙasashen waje yake fitowa, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Buƙatarmu ta farko ke nan: a ware wa tsaron dajin layinsa na kansa a kasafin kuɗi, dabam da na masauki da yawon buɗe ido, a riƙa sakin sa kowane wata tare da albashi.

Ga dalilin da ya sa muka dage a kan sakin kuɗi wata-wata. Sintirin da ke hana farauta na ƙafa ne, na kwana. Mota takan kai ayari bakin hanya ta juyo, mutum shida ko bakwai su shiga da kayansu a baya su yi mako guda. Mafarauci yana jin ƙarar mota tun daga nesa, ya lafe a ciyawa har ta wuce. Wanda yake tsoro shi ne mai cin karo da sawunsa da asuba, ya bi warin hayaƙin banda har sansaninsa. Ko ayari huɗu ne a daji lokaci guda, kowane yana da fiye da murabba'in kilomita 500 a kansa, alhali mai tafiya a ƙafa da kaya cikin zafin watan Maris bai fi ya ci kilomita goma zuwa sha biyar a wuni ba. Kuma kafin a samu huɗu a daji kullum sai an tanadi takwas, saboda wanda ya fito yana buƙatar hutu, wani ba shi da lafiya, wani yana kotu yana ba da shaida.

Ƙananan abubuwa ne ke kashe sintiri: shinkafa da wake da garin kwaki, takalmi ƙafa biyu a shekara, gidan sauro, jarkar ruwa, maganin zazzaɓi, allurar sarar maciji a firij a Wikki, rediyon sadarwa da abin cajinsa na hasken rana. Idan kuɗin abinci ya makara da mako biyu, dajin ya zauna mako biyu ba mai tsaro, kuma labarin zai isa kasuwar ƙauye kafin ya isa Bauchi. Haka nan idan aka saba fita ranar Litinin a dawo ranar Litinin, ko aka sanar da hanya tun jiya, an gama aiki tun ba a fita ba. Shugaban ayari kaɗai ya kamata ya san inda za a nufa, shi ma da safen ranar. Manhajar SMART da ake amfani da ita tana ajiye sawun kowane ayari a waya, da inda aka ga tarko, ko shanu, ko gawa. A ƙarshen wata taswira za ta nuna wuraren da ƙafar ma'aikaci ba ta taka ba. Muna roƙon kwamitin majalisa mai kula da dajin ya riƙa neman taswirar nan duk wata uku, ya tambayi dalilin kowane giɓi. Sau da yawa amsar za ta zama hanya ce ta yanke ko kwalbati ya karye, shi ya sa gyaran hanyoyin cikin daji da zarar ruwa ya ɗauke yake cikin aikin tsaro.

An sha kashe ma'aikata a bakin aiki a dajin nan. Wanda za a tura ya fuskanci mai bindiga dole ya tafi da sanin cewa in bai dawo ba, iyalinsa ba za su yi yawon ofis-ofis suna neman haƙƙinsa ba. A yi musu inshorar rai, a rubuta wa'adin biya a doka.

Kama mafarauci rabin aiki ne. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Saboda haka tun a wurin kamu ake haɗa shari'a: a ɗauki hoton mutumin da bindigarsa da naman kafin a motsa komai, a rubuta wurin da lokacin, a manna wa kowane kaya lamba, a sa hannu duk lokacin da ya sauya hannu. Shari'o'i da yawa a nan suke rushewa. Wasu kuma tarar ce ba ta kai kuɗin cinyar ɓauna ba, sai ta zame wa mafarauci kamar kuɗin shiga kasuwa. Majalisa ta duba tarar ta daidaita ta da zamani, ta tanadi ƙwace bindiga da babur, ta kuma tsananta wa dillalin da ke ba da harsashi yana jiran naman banda a gari. Abu ɗaya kuma da ya fi komai karya gwiwar ma'aikaci shi ne wayar da za a bugo daga sama a ce a saki wane.

Yanzu ga manomi, wanda a ganinmu shi aka fi bari a baya. Babbar giwa tana cin wajen kilo 150 na ganye a rana. Garke ya shiga gonar masara da dare, kafin asuba abin da bai ci ba ya tattake. Magidanci ya fito ya tarar da karan kwance, da kashin giwa yana tururi a tsakiyar kunya, abincin shekara ya tafi. Wanda ya ga haka, in aka zo masa da wa'azin kiyaye namun daji hannu rabbana, ba zai saurara ba, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Mai girma Gwamna, a matsayinka na ɗan Duguri, ba sai an ba ka wannan labari ba.

Matakin farko shi ne sanin inda giwayen suke. Ana sa wa babbar mace a kowane garke abin wuya mai na'ura da ke aiko da wurinta ta tauraron ɗan'adam. Aikin likita ne ƙwararre: da sanyin safiya ake harba allurar barci, a tabbata ta faɗi a kan haƙarƙari domin in ta kwanta a kan ƙirji numfashinta yankewa yake, a tokare bakin hancin da ɗan tsinke ya zauna a buɗe, a rufe ido da kunnenta, a yi ta zuba ruwa a kunnuwa, a ɗaura abin wuyan a ba ta makarin maganin cikin gaggawa. Batirin 'yan shekaru yake yi, don haka a sa kuɗin sauyawa a lissafi tun yanzu. Inda ake kuskure shi ne labarin ya tsaya a kwamfutar ofis. Amfaninsa shi ne idan garke ya doso iyaka da la'asar, saƙo ya isa wayar mai unguwa da masu gadin giwa na ƙauyen, wato mutanen da aka ɗora wa korar giwa daga gonaki, kafin magariba, mota kuma ta riga ta sha mai. Sai dai ainihin wurin da garken yake kada ya fita daga hannun mutum biyu ko uku, domin abin da ke taimakon mai tsaro yana iya taimakon mai harbi.

Korar giwa daga gona tana da ƙa'ida. Idonta ba shi da ƙarfi, amma hancinta da kunnenta ba a magana, don haka a tsaya inda iska ba ta kai mata warin mutum. A bar mata hanyar komawa daji a buɗe, kada a yi mata zobe, kada a shiga tsakanin uwa da ɗa. A fara da tocila mai ƙarfi daga rumfar gadi da aka kafa a kan itace ko a kan ginshiƙan ƙarfe, sai ƙaho da ganga da gwangwani, sai hayaƙin barkono, abin fashewa ya zama na ƙarshe. A riƙa sauya salo, domin giwa tana gane barazanar banza cikin 'yan kwanaki. Bindigar toka kuwa a haramta ta a wannan aiki. Ba ta kashe giwa nan take, rauni take bari ya ruɓe, kuma giwa mai rauni ita ke kashe mai itace da mai zuwa rafi.

Shingen zuma dabara ce da aka gwada a Kenya, aka ga tana mayar da wajen takwas cikin goma na giwayen da suka doso gona, saboda giwa tana tsoron harbi a cikin hanci da gefen ido da bayan kunne. Ana rataye amya tsakanin ginshiƙai biyu daidai ƙirjin mutum, da 'yar rumfar ciyawa a samanta. Bayan mita goma sai amyar bogi ta katako, bayan wata mita goma sai ta gaske, duk a haɗe da waya guda. Eka ɗaya tana cin ta gaske 12 da ta bogi 12. Giwa ta tura wayar, amyoyin su girgiza, zuma ta taso. A maƙala wayar yadda za ta zame in an ja ta da ƙarfi, don kada ta tsinko amyar ƙasa. Matsalolin sanannu ne. Amyar da babu zuma a ciki akwati ce kawai, kuma zuma takan ɗauki watanni kafin ta shiga, shi ya sa ake shafa kaki a ciki a rataye tun da rani. Gara tana cin ginshiƙi, maganinta a kafa ɗanyen dashi wanda zai tsira a wurin. Cinnaka da tururuwa suna korar zuma, a shafa baƙin mai a wayar ratayi. Da bazara zuma tana gudu in ba ruwa, a ajiye mata a kasko da tsakuwa a ciki. Feshin maganin ƙwari a gonar wake da rana tsaka yana iya kashe amya sukutum, a bari sai yamma lis. Kuma kada a kafa kusa da gida ko inda shanun huɗa ke aiki.

Shingen barkono ya fi araha amma ya fi son kulawa. Gwargwadon da ake amfani da shi a Tanzaniya na eka ɗaya shi ne kilo biyu da rabi na dakakken barkono mai zafi a cikin lita goma ta baƙin mai. Tattasai ba zai yi ba. A jiƙa igiya da tsummokara a ciki, a ja igiyar layi biyu a tsayin kan mutum da sama da haka kaɗan, a ɗaure tsumma a tsakanin ginshiƙai. Ana sabunta shafin duk mako uku, in ana ruwa duk mako. A nan gizo ke saƙa, domin ɓarnar giwa tana tsananta ne daga ƙarshen damina zuwa kaka, lokacin da ruwan Agusta da Satumba ke wanke man. Mai haɗawa ya sa safar hannu ya rufe hanci, kuma a nisanta man daga rijiya. Ana kuma kwaɓa barkonon da kashin shanu ko na giwa, a yi tubali mai rami a tsakiya, a shanya, da dare a sa garwashi a ramin a ajiye ta gefen da iska za ta kai hayaƙin wajen giwa.

Duk waɗannan shingaye suna da aibi guda: in mutum ɗaya ya yi, ya tura giwar gonar maƙwabcinsa ne. Dole a yi su a jere, gonakin da ke fuskantar daji gaba ɗaya, kuma talakan manomi ba zai iya sayen amya goma sha biyu ba. Jiha ta saya, ƙauye ya kula, zumar ta zama ta mai gona. A layin farko na bakin iyaka a ƙarfafa noman riɗi da barkono waɗanda giwa ba ta damu da su ba, a nemo musu mai saye, masara da dawa su koma baya.

Duk da haka wata rana giwa za ta shiga, don haka a kafa asusun diyya. Shawararmu ita ce a kai rahoto cikin kwana ɗaya, cikin kwana uku mai unguwa da malamin gona da ma'aikacin gandu su je tare su auna ɓarnar da igiyar awo su ɗauki hoto, a biya cikin wata guda kai tsaye a asusun mai gona, a manna sunayen waɗanda aka biya a ƙofar gidan dagaci. Sharaɗin biya shi ne mutum ya shiga tsarin gadi, kuma gonarsa ba a cikin gandu take ba. Diyyar da aka yi alkawari aka ƙi biya ta fi rashinta haifar da gaba, saboda haka kada a sanar da ita sai kuɗin suna ƙasa.

Sai makiyaya. Da rani kogin Gaji da ya ratsa dajin ne ruwan da ba ya ƙafewa, shi ke jawo namun daji, shi kuma ke jawo shanu. Ɓarnar ta wuce cin ciyawa. Ana sassabe kawo da maɗaci don ganye, ana musayar cuta, kamar yadda cutar shanu ta bushiya ta yi wa ɓaunan Yankari ɓarna a farkon shekarun 1980. Mafi muni, idan zaki ko kura ta kama saniya, wani yakan barbaɗa wa mushen maganin ƙwari. Mushe guda yana iya kashe zakuna da kuraye da ungulaye masu yawa a dare ɗaya, alhali a duk Najeriya Yankari da Kainji kaɗai aka sani da sauran zaki, kuma gaba ɗayansu ba su kai hamsin ba. Duk mushen da aka gani da matattun ƙudaje ko ungulu a gefensa, a killace wurin, a sa safar hannu a ɗebi samfur, a ƙone sauran ƙurmus a binne tokar. Kora kaɗai ba ta hana shanu dawowa. Saniya tana shan wajen lita 30 a rana da zafi, wato shanu dubu na buƙatar lita 30,000. A haƙa musu rijiyoyin burtsatse masu wannan ƙarfi, amma nesa da iyaka da kilomita da yawa, domin rijiya a bakin gandu gayyata ce. A buɗe burtalin da gonaki suka cinye, a kai allurar ciwon huhu har ruga, a zauna da arɗo-arɗo kafin kaka. Tarar shigar da shanu ta zama sananniya, da rasit, iri ɗaya ga mai shanu goma da mai hannu da shuni da ya ba da kiwo.

Wuta kuma a sa ta da wuri, gutsure-gutsure, a Nuwamba da Disamba tun ciyawa da sauran danshi. Gobarar Fabrairu da Maris ita ke kashe itatuwa ta bar dabba ba abinci.

Mutanen gefen daji su ga riba da idonsu. A Yuganda doka ta ba ƙauyukan da ke kewaye da gandu kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa sun ragu har zuwa 49 a 1996, amma suka haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai, a tsakiyar gonakin mutane, saboda an hana harbi kuma an tallafa wa ƙauyukan da rijiyoyi da bashin sana'a da aikin jagorar baƙi. A rubuta kason ƙauyukan Yankari a doka, a ɗauki 'ya'yansu aiki, har da tubabbun mafarauta, domin babu wanda ya kai su sanin sawu. Wannan ya shafi tsaron mutane ma. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama abin da ya zama, Kamuku ta Birnin Gwari ma haka. Mutanen Alƙaleri, ƙaramar hukumar da Yankari ke ciki, sun riga sun ɗanɗani harin 'yan bindiga, kuma ma'aikacin gandu da ke yawo a daji shi ne zai fara ganin baƙon sawun babur.

Jihar da ake yi wa ƙungiyar ƙwallonta kirari da giwa ya kamata ta san adadin giwayenta. A sake ƙirga su daga sama a ƙarshen rani, Maris ko Afrilu, lokacin da ganye ya zube kuma dabbobi sun taru a kwarin Gaji, a kafa kyamarori a mashaya don zakuna, a buga sakamakon kowa ya gani, a maimaita duk shekara uku zuwa biyar da hanya iri ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Amyar da za ta tsare masarar Satumba tun Janairu ake rataye ta, barkonon shinge tun kaka ake sayensa yana da araha, masu gadin giwa kuma kafin shuka ake horar da su. Muna roƙon Majalisa ta sa layin tsaron dajin da asusun diyya a kasafi mai zuwa, iyayenmu hakimai kuma su tara dagatai da arɗo-arɗo da sarakunan baka kafin ruwan farko, a rubuta sunan kowane ƙauye da giwa ta shiga bara da yawan gonakin da ke fuskantar daji.

Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.

Daga wasu likitocin dabbobi, malaman gandun daji da malaman gona masu kishin Yankari.